Awartaki Mai Riƙe Kansa

Kuɗin da na tafi Kano da su gyaɗar Inna ce. Ba ta gandu ba, ta gamanarta, ƴar gonar nan ta bayan rijiya da take nomawa da yamma in ta gama aikin kowa. Ta sa aka kai ta Tasawa a kan jaki aka auna, ta dawo ta ɗinke kuɗin a ƙugun wandona, tana ɗinki tana faɗa.

"In ka shiga mota kada ka yi ta taɓa wurin. Ɓarawo hannunka shika kallo."

Daga garinmu Attantane har Katsina hannuna bai bar wurin ba.

Kai Sanusi, da Haruna, da sauranku masu ɗaure kaya, ku ajiye igiyar nan ku zauna. Lokacin kuna ƙanana, kun dai san Baba ya yi ciwo, ba ku san abin da ya kusa fita daga gidan nan ba. Ba na so ku je Kano kuna zaton riga da agogo kaɗai ake zuwa nema.

Damina ta biyu ce bayan an ɗaga tutarmu. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, kowa ya faɗaɗa gona, kowa yana son sabuwar hauya. Ana cikin kaka Baba ya faɗi a bakin wuta. Ya yi kwana arba'in a kwance, ya tashi, bakinsa ya dawo daidai, ƙafarsa ta dawo, hannun dama kamar bai taɓa ciwo ba. Na hagu ne ya ƙi. Yana ɗaga shi, yana lanƙwasa gwiwar hannun, amma yatsun ba sa rufuwa. Ka sa masa ludayi a ciki, sai ya zame.

To kun ga uwar maƙerar nan da ke binne tsakiyar rumfa. A danginmu ba haihuwa kaɗai ke ba mutum ita ba. Wanda ke zaune gabanta sai ya iya ƙira shi kaɗai, masaba a dama, awartaki a hagu. Zuga kowa na iya yi maka. Amma ranar da wani ya riƙe maka ƙarfe, ka tashi daga maigidan maƙera, sai a tone ta a kai wa na bayanka duk inda yake. Kuma inda take, can manoma ke kai damman hatsin maƙeri in kaka ta yi. Rumbun gidan nan da ita yake cika. Na bayan Baba shi ne Baffa Idi, ƙanensa, da ke zaune Issawane.

Baffa ya zo gaisuwa, ya zauna gaban Baba.

"Yaya, ba ni na aza al'adar ga ba."

"Na sani."

"Zan jira har watan bakwai, in hadari ya fara haɗuwa. Ran nan a tada wuta gaban dangi, ka ƙera hauya guda. In ka ƙera, ban ce komi ba."

"Allah shi kai mu," in ji Baba, ya tura hannun cikin riga.

Ni kuwa ina gefe kamar baƙo. Ɗan farin maƙeri ne ni, amma ban taɓa yin wuni guda a bakin wuta ba. Ina shekara bakwai aka zo ɗaukar yara lakwal, makarantar boko, masu hali suka ɓoye nasu, aka nuna gidan maƙera. Daga nan sai Tasawa, daga Tasawa sai makarantar sana'a a Maraɗi. Na dawo da takardar shaida da kai cike da dabaru. Ina da zanen injin ɓarar gyaɗa da jaki zai juya, ina da na gugar da yaro zai ja ruwa gaba ashirin ba tare da ya gaji ba, har yanzu suna nan cikin akwati kuma sai na yi su. Amma hauya guda ban iya ƙerawa ba, don haka ko sunana bai fito a maganar ba.

Ina kwance da rana bayan tafiyar Baffa sai na tuna wani abu. A makaranta malaminmu, Mushe, yana da wani ɗan awartaki da yake kullewa a akwatin ƙarfe, sau biyu kaɗai ya bari muka taɓa. Pans-eto yake ce masa. A gindinsa akwai ƙusa mai zare da ake murɗawa a daidaita faɗin bakin, sai ka matse shi sau ɗaya, ya ce ƙas, ka saki. Ya ci gaba da cizon ƙarfen ko ka tafi kasuwa ka dawo. Na tashi zaune. Al'ada ta ce kada mutum ya riƙe wa maƙeri. Ba ta ce komai ba a kan awartakin da ke riƙe kansa.

Na je Maraɗi na zagaye kantuna, babu. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce in ba Kano ba kada in wahalar da ƙafata. Inna kaɗai na gaya wa dalilin tafiyar. Baba da na je sallama sai ya dube ni ya ce, "Ci-rani za ka, da takardar taka?" Na ce eh. Ya ce Allah shi kiyaye hanya. Na san abin da ya zata, cewa na ga gida zai rushe na yi gaba. Na bar shi da zaton, don in na faɗa kuma ban samo ba, na ƙara masa wani ciwon.

A saman buhunan gyaɗa muka tafi, ta Gazawa muka faɗa Dankama, sai Katsina, sai Kano. A Fagge na sauka gidan wani Alhaji Mai Zaure, mu shida a ɗaki guda, duk mutanen ƙasarmu. Ku shirya, da kun buɗe baki za a gane ku. Ka ce za ka tahi, a ce ka sake faɗa a ji. Ka ce isansi, a ce fetur ake cewa a nan. Ni har na daina gyara musu, in an ce Bafaranshe sai in amsa.

Takardata kuwa, na kai ta wurare huɗu. Wani akawu ya juya ta ya ce, "Wannan wane irin Turanci ne?"

"Faransanci ne, ranka ya daɗe."

"To ai sai ka kai wa Faransa."

Sai dako. Wata guda ina hawa da buhu a ka wurin da ake jera gyaɗa kamar tsauni a bakin hanyar jirgi. Wataƙila har ta Inna na ɗauka, wa ya sani. Ban yi kwana uku ba na ga cewa da an kafa itace biyu da ƙarfen juyi da igiya, mutum huɗu za su yi aikin ashirin. Na je na gaya wa helma, shugaban ƴan dako, har na zana masa a ƙasa. Ya goge da ƙafa.

"Dako ka zo ko koyarwa? In huɗu suka yi aikin, sha shidan ka kai su gidanku su ci?"

Na ɗauki buhuna.

Duk ranar da babu aiki ina kasuwar Sabon Gari. Na ce ina neman pans-eto, wani ya ce masu fanke suna can wajen mata. Na zana shi a takarda, wani ya tura ni wurin mai cire haƙori. Ina dawowa wata rana na bi ta gaban wani gareji, sai na hango shi. Yana maƙale a jikin bututun mota, babu kowa kusa, ya ciji abinsa yana jira. Na tsaya kamar an dasa ni, har mai garejin ya fito daga ƙarƙashin motar. Oga Lamidi ke nan, Bayarabe, amma a Kano aka haife shi, bakinsa ya fi na Kanawa sauri.

"Kai, sata ka zo dubawa?"

"A'a, wancan nake kallo. Mi kuke ce mishi?"

"Lokin filaya. Mi kuke ce mishi! Daga Faransa ake, ko?"

Na ce na iya aikin ƙarfe. Ya jefo min guntun ƙarfe da magagari ya ce in goge fuskar ta kwanta. Wannan kam shekara biyu muka yi muna yi a makaranta. Ya ɗora sukwaya a kai, ya ɗaga sama ya duba ko haske zai ratsa, sai ya ce gobe in zo da sassafe. Daga ranar sunana Faransa. In ya ce miƙo sifana in tsaya ina raba ido, sai ya nuna, in ce au, kile. In ya ce sukundireba in ce turnabis ke nan. Ya ce in na sake kawo masa yaren nan gareji zai ɗaure min baki da waya.

Na roƙe shi ya sayar min da nasa. Ya ce in fara tambayarsa matarsa, ya fi sauƙi.

Da na karɓi albashin farko na farke ɗinkin Inna na haɗa, na nufi wata rumfa da aka kwatanta min. Akwai shi kuwa, sabo fil, fari yana ƙyalli, cikin takarda mai maiƙo. Na matse shi a yatsan itacen rumfar ya ce ƙas. Ban ko yi ciniki sosai ba. Na zo gareji ina tafe kamar ango.

Oga ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya matse shi a jikin guntun sifirin mota, ya ɗauki guduma ya ba sifirin ɗin duka uku. A na uku abin ya buɗe baki ya yi tsalle ya faɗa cikin bokitin baƙin mai. Da na tsamo shi, haƙoran sun kwanta kamar an shafa man shanu da wuƙa.

"Gwangwanin madara ka saya, Faransa. An shafa masa fari."

Na koma wurin mai rumfar.

"Malam, wanga abu bai da kyau."

"Da ka saya yana da haƙora?"

"Yana da su."

"Yanzu fa?"

"Sun kwanta."

"To wa ya kwantar da su, ni?"

Mutane suka taru, aka fara dariyar maganata ba ta ƙarar da na kawo ba. Na juyo. A hanya gamanar Inna kaɗai nake gani, da ita a duƙe.

A ranar na gaya wa Oga gaskiyar abin da ya kawo ni, da hannun Baba, da watan bakwai. Ya daina tsokana. Ya ɗauko nasa ya koya min yadda ake dubawa. Ka goga magagari a haƙorin, in ya ci, ajiye ka tafi, in ya zame yana ƙara, ƙarfe ne. Ka kama muƙamuƙan biyu ka girgiza gefe da gefe, mai kyau ba ya motsi. Ka murɗa ƙusar gindin tun daga farko har ƙarshe ka ji ko akwai inda take tsalle. Ya ce in bar bin sabo, masu kyau suna hannun tsofaffin ma'aikata, kuma baƙaƙe ne, ba sa ƙyalli. Na sa ƙaramin magagari a aljihu, ban sake fita babu shi ba.

Ina jiran in sake tara abin saye, sai na shiga tunanin yadda Baba zai yi aiki da shi. Gajere ne, wuta za ta ci hannu, don haka sai an ƙara masa doguwar sanda. Yatsun ba sa riƙo, don haka sai a ɗaure sandar a damtse da fata, wuri biyu. Takarda ta ƙare min, na ɗauki gawayi na koma bangon ɗakinmu. Alhaji Mai Zaure ya leƙo wata Asabar ya ga hannun mutum babba a bango, da igiyoyi da lambobi.

"La'ilaha! Wa ke min tsafi a gida?"

"Ba tsafi ba ne, Alhaji, zane ne. Nan damtse ne, nan kuma..."

"Bangon ubanka ne?"

"Hannun ubana ne dai."

"Kwashe tabarmarka!"

Sai da ƴan ɗakinmu suka yi ta ba shi haƙuri, na sayo farar ƙasa na shafe bangon gaba ɗaya, har da inda ba ni na ɓata ba. Da ya ga ɗakin ya yi haske sai ya ce ai na kusa da shi ma yana so.

Zafi ya shigo. Na duba wurin ƴan gwangwan, na duba wurin masu baza tsofaffin kaya a bakin titi. Na samu guda biyu, ɗaya muƙamuƙinsa na rawa, ɗaya an taɓa yi masa walda a wuya. Wani mutumin garin Sarkin Hausa da ya zo daga gida ya ce min ya ga Baffa Idi a kasuwar Mayahi yana tambayar raƙumin da zai iya ɗaukar kaya mai nauyi. Ƴan ɗakinmu suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya don su riski shuka.

Oga ne ya ji labarin wani tsoho, Malam Garba Fita, da ya yi aikin gyaran jirgin ƙasa har idonsa ya mutu, yana sayar da kayan aikinsa ɗaya ɗaya. Na same shi a zaurensa. Ya lalubo abin daga cikin tsumma ya miƙo. Baƙi ƙirin, hannun ya yi santsi saboda riƙo. Na goga magagari, ya zame yana kuka. Tsohon ya yi murmushi.

"Wa ya koya maka?"

"Ogana."

"Ya koya maka daidai. Me za ka yi da shi?"

Na ba shi labari. Ya ce, "Maƙeri? A wuta za a sa shi? To ai ka san shi ƙarfe in ya..."

"Na san gajere ne, Baba, na riga na yi lissafin komi. Sanda za a ƙara mishi."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce to, tunda na yi lissafi. Bai rage min ko kwabo ba, ya ce shi ma hatsi zai saya. Na bar masa har da bargona.

Oga bai so tafiyata ba, motocin gyaɗa sun cika gareji.

"Na koya maka aiki, yanzu da ka fara amfani za ka gudu?"

"Oga, hadari ya fara haɗuwa."

"Hadarin ubanka ne zai ɗaure min injin nan?"

Ya yi kwana biyu ba ya min magana. A na uku ya ce in kawo abin. Ya zaɓi sanda mai kyau, kamu guda, ya yi mata walda a gefen hannun yadda ba za ta tare ƙusar gindin ba. Ya buga, ya sake bugawa, ya miƙo min yana kallon wani wuri. "Tafi, Faransa. Ka gaida tsohon."

Na iso gida ana gobe za a tada wuta. Baffa Idi ya riga ni, raƙuminsa na durƙushe a ƙofar gida. Na shiga wurin Baba na kwance tsumman a gabansa, ina magana kamar ana kora ta, ina nuna masa nan ake murɗawa, nan ake matsewa. Na ɗaure masa sandar a damtse. Ya matse bakin a jikin wata tsohuwar hauya da hannun dama, ya ce ƙas. Ya ɗaga hannun hagun, hauyar ta biyo shi sama. Inna da ke bakin ƙofa ta rufe fuska da zane.

Baba ya daɗe yana kallon abin. "Wanga ka tahi nema?"

"Shi ne, Baba."

"Yana da haƙora," ya ce. "Sai mu ji abin da wuta za ta ce."

Na so mu gwada a take, amma wutar da aka kashe saboda ciwo ba a tada ta sai gaban dangi. Ban damu ba. Na gwada shi a Kano sau ɗari, a kan sifirin, a kan bututu, a kan ƙarfen jirgi.

Kai Sanusi, da safe aka tura ku kiwo, shi ya sa ba ku gani ba. Dangi suka cika rumfa. Kaka Bawa, wanda ya fi kowa shekaru, ya karɓi abin ya jujjuya. Wani ya ce ai wannan ma riƙe masa aka yi, Nasara ne ya riƙe. Kaka ya ce, "Nasaran na ina? In ya zo mu kore shi. Ƙarhe ne wanga, kamar masaba." Baffa Idi ya tashi. Ya naɗe hannun riga ya zauna wurin zuga-zugi da kansa.

Ƙarfe ya yi ja, Baba ya fito da shi ya ɗora a uwar maƙera. Masaba ta sauka. Rumfar da ta yi wata shida shiru ta amsa. Duka biyar, shida, bakwai, abin na riƙe. Na ji ƙirjina ya cika, har na fara duba fuskokin mutane.

A wuta ta biyu na ga ƙarfen ya ɗan karkata. Duka na gaba sai ya fice ya yi sama, ya faɗi jajir a gaban ƙafar Baffa.

Na miƙe. Kaka Bawa ya ce, "Zamna, ɗan lakwal. Ka taɓa shi, magana ta ƙare."

A nan na gane abin da Malam Garba ya so faɗa min na katse shi. Duk gwajin da na yi, a kan ƙarfe mai sanyi na yi shi. Ƙarfe in ya yi ja laushi yake yi, haƙora su nutse a ciki, duka ya sa ya ƙara sirancewa. Hannun maƙeri yana bin sa yana ƙara matsewa ba tare da mai hannun ya ma sani ba. Nawa awartakin kuwa inda aka ajiye bakinsa nan yake tsayawa. Kowane yaro da ya yi wata guda a rumfar nan ya san haka. Ni da takardata ban sani ba.

Baba ya sunkuya ya dubi ramukan da haƙoran suka bari a jikin ƙarfen. Ya ajiye masaba, ya tsoma yatsu a ruwa, ya murɗa ƙusar gindin kaɗan, ya kama ƙarfen daga ƙasa ya mayar wuta. Ya sake fita a wuta ta huɗu. Ya sake ɗauka. Daga nan sai ya kama lokacinsa: duka shida, ya ajiye masaba, ya saki, ya murɗa rabin juyi, ya matse, ya mayar wuta. Kafin ya gama murɗawa ƙarfen ya huce, don haka kowane abu sai an yi shi sau uku. Gawayi ya ƙare aka ƙaro. Zufa ta jiƙe Baffa har wando, wani ya ce bari ya karɓe shi, ya girgiza kai. Zafi ya bi sandar ya hau, na ji warin fatar ɗaurin tana ƙonewa, na san ba ita kaɗai ke ƙonewa ba. Baba bai ko dubi damtsen ba.

Hauyar da a da yake gamawa kafin a dama fura, sai bayan azahar ya tsoma ta a ruwa. Kaka Bawa ya sa aka ɗaura mata ƙota, ya fita ya sari ƙasa sau uku, ya duba bakin. Ta ɗan karkace gefe guda. Ya miƙa wa Baffa.

Baffa ya shafa ta da babban yatsa. "Yaya ya ƙera. Ba wanda ya riƙe mishi." Ya tashi zai je ya ta da raƙuminsa.

"Idi," in ji Baba. "Dawo ka zamna."

Ya dawo.

"Na ƙera guda, rana ta raba. Mutanen da ke jiran hauya kahin shuka sun hi ɗari. In na riƙe maƙera ni kaɗai, gonakinsu na kashe." Ya numfasa. "Uwar maƙera ba ta tashi daga inda take. Kai za ka taso. Ka kwaso iyalinka, ɗakunan gabas na nan. Ka yi babban aiki, in yi ƙarami, hatsi a raba."

Baffa ya dubi Kaka Bawa. Kaka ya ce shi bai taɓa jin an yi haka ba, amma bai taɓa jin an hana ba. Raƙumin da aka kawo don uwar maƙera, shi ya koma Issawane ya kwaso tukwanen matar Baffa. Kai Haruna, haka aka yi ka girma a gidan nan.

Da mutane suka watse na durƙusa na kwance masa ɗaurin. Fatar damtsen ta tashi wuri biyu, ta biyo igiyar. Na kasa ɗaga kai.

"Baba, ban san yana sakewa ba in ya yi zahi."

"Ina za ka sani? Wa ya gwada maka?" Ya juya hannun yana duba ƙunar kamar ta wani ce. "Ni na ga ka tahi, na ce yaron ga ya gudu. Kai ka yi kuskurenka, ni na yi nawa."

Inna ta kawo man shanu tana shafa masa, tana faɗa da mu duka biyu. Ya bari ta gama, sannan ya tura min zuga-zugi da ƙafa.

"Gobe da sahe ka zamna nan. Ka bar takardar a ɗaki."